Mayafin Aro

Tun da aka daina sa direba a mota, motoci ba sa ganin mai tafiya a ƙasa sai da ƴar alamar da hukuma ta ba kowa da sunansa. Mata a bakin mayafi suke ɗinke tasu.

Ranar bikin ƙanwarta, Hansai ta ari mayafin maƙwabciyarta Tabawa, don ya fi shiga da ankon. A hanyar dawowa mota ta karya mata ƙafa.

Da ta samu sauƙi suka je ofishin diyya tare da Tabawa, Hansai na dogara sanda.

"Hajiya, ai Tabawa motar ta buge," in ji ma'aikacin.

"Malam, ga ƙafar a gabanka."

"Na gani. Amma a wurinmu, ke ranar a gida kika wuni."

Suka fito, kowacce da mayafinta. Tabawa na sa ƙafa a titi motoci suka tsaya tun daga nesa, kamar yadda suke yi wa guragu. Tana hayewa suka fara matsowa, Hansai ko rabi ba ta kai ba.

Tabawa ta dawo da gudu, ta zare mayafinta ta yafa mata.

"Riƙe, Yaya. Ni zan zama ke har ki warke."