Takardar da ke Bango

Warin ƙafar ya riga makiyayin shiga ɗakin magani na Dakoro. Malamin jinya ya yaye tsumman da aka ɗaure ta da shi. Kurkunu ne, wanda ake naɗewa a ɗan kara kaɗan-kaɗan har kwana ashirin. Wani ya fizge shi ya katse a ciki, naman ya ruɓe har gwiwa.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Likita mai farar riga," in ji uwar makiyayin.

Ya ja tsaki. Tsohon kukun kumandan, Baturen mulkin garin, ke nan, wanda aka ba riga da allura saboda ya iya miya. Shi kuwa da ya yi shekara biyu a makarantar jinya ta birnin Bobo yana koyon irin waɗannan cututtuka, wankin kwalabe aka ba shi. Kumandan ko kallon takardar shaidarsa bai yi ba.

Tsohuwar ta ƙura wa takardar ido a bango, inda ya rataye ta.

"Ɗana, rubutun can na magani ne?"

"Na magani ne, inna."

"To, wanke mishi ya sha."

Ya tsaya riƙe da almakashi. Shekara uku yana garin nan, ita ce ta fara neman takardar ta yi aiki.