Hannun Ɗan Fari

Da hannunsa ƙanen ya jefa allon da ke ɗauke da sunan mahaifinsu cikin wuta, ransa fes.

Tun rasuwar tsohon, wansa ke kunna turare a gaban allon nan, shi ke ajiye masa kwanon shinkafa, shi ke fara durƙusawa, wai don shi ne ɗan fari. Shi kuwa ƙanen kullum yana baya, sai kallon ƙeya. Shi ya sa da umarnin Fafaroma ya iso ƙauyensu a Fujian ta ƙasar Sin, cewa Kirista ya daina durƙusa wa allunan kakanni, ya riga kowa zuwa wurin limamin coci, ya kai ƙarar gidansu.

"Yaya, sai haƙuri," ya ce, yana danne murmushi. "Yau dai ni da kai ɗaya muke."

Wan ya zabura. Ya cusa hannu cikin wutar, ya zaro allon, ya rungume shi, ƙaurin fatarsa ya cika tsakar gida.

Uwarsu ta kama hannun tana hurawa, tana kuka. "Wayyo, ɗan babansa!"

Ƙanen ya dubi nasa hannun, sumul, ko tabo babu. Har ƙunar ma Yaya ne ya samu.