Waken Jimrau

Shekara ashirin da shida ke nan, duk kaka, da zarar Jimrau ya kwashe dammunan hatsinsa, abokinsa Rhissa makiyayi sai ya gangaro da garkensa daga Azagor ya sauka a gonar. Dabbobi su ci kara, gona ta sha taki. Ba aike, ba tambaya. Kwashe dammuna shi ne sallama.

A garin su Jimrau, Bader Goula, har misali ake yi da su. In mutum biyu suka jitu sai a ce, "Bakinsu ɗaya, kamar Jimrau da Rhissa."

Bana ruwa ya yi jinkiri. Jimrau ya shuka wake a ƙarshen gona, bayan tudu, inda ba a hangowa daga hanya. Hatsi ya shiga rumbu, wake bai ƙosa ba.

Matarsa Aisata ta ce, "Maigida, ga waya a aljihunka. Kira shi ka gaya masa ya dakata."

Jimrau ya yi dariya. "Ke dai ba ki san mu ba. Ni da Rhissa yare ɗaya muke ji. Ko tari na yi ya san nufina."

"To, yi tarin ya jiyo daga Azagor."

Bai kira ba.

Ranar Juma'a Jimrau yana kasuwar Dakoro, Rhissa ya iso, ya ga gona ba dami ko ɗaya, ya saki garke kamar kullum. Kafin azahar wake ya zama tarihi. Yazidu, babban ɗan Jimrau, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ya fara gani. Bai tsaya jin ba'asi ba. Ya zare adda ya sare ƙafar raƙumar da Rhissa ke shayar da iyalinsa da nononta. Dole aka yanka ta.

Jandarmomi suka tafi da Yazidu.

A ofishinsu Jimrau ya matsa kusa da Rhissa. "Aboki, ni ne da laifi. Mu yi magana."

Rhissa bai dube shi ba. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana zolayarsa da Hausa ya gyara rawani, ya juya ga jandarma, ya nemi a kawo masa tafinta, kamar bai taɓa jin Hausa ba.

Jama'a, komai jituwarku da mutum, in wani abu ya canja, ka faɗa masa da baki. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska ba ta faɗin inda aka shuka wake.