Shuɗin da Bargo Ke Jira

Maigidan ya ɗora dutsen guga a bayan shuɗiyar rigarsa, ya harɗe hannu yana jiran ƙauri ya tashi.

Ba yau ya fara ba. Da matarsa ta ba shi wanke-wanken Asabar, faranti ya fasa, aka sallame shi. Da ta ba shi shara, ya haɗa har da ɗan kunnenta ya zubar. Yanzu kuma ta tula masa guga, ita tana ɗaki tana harhaɗa ƙyallaye, wai bargo take ɗinkawa. A lissafinsa, riga ɗaya ba ta yi tsada ba in za ta fanshi hutunsa.

Da hayaƙi ya tashi, sai ya marairaice ya kai mata.

"Kin gani ko? Na faɗa miki hannuna ba na guga ba ne."

Ta karɓa ta jujjuya, ko ɓata rai ba ta yi ba. Ta jawo almakashi ta yanke gaban rigar, ta shimfiɗa a wani gurbi da ke tsakiyar bargon. Ƙyallen ya zauna cif.

"Na daɗe ina son shuɗin nan," in ji ta. "Da roƙa na yi, hana ni za ka yi. Allah ya saka. Je ka ƙarasa, kore kaɗai ya rage mini."

Ya koma wurin guga. A saman tulin, sabuwar koriyar rigarsa ce ke jiransa.

Ranar, ko mai wanki da guga bai kai shi iya aiki ba.