Sai Litinin, Waliyyi Bilas

Da Fada, limamin Katolika, ya gitta kyandir biyu a maƙogwaron surukinta don yi masa addu'ar waraka, shugabar mawaƙan cocin ta runtse ido.

Shekara talatin tsohon nan yana waƙa kamar ana yanka akuya, kuma ba mai iya korarsa, don shi ya yi wa cocin rufin kwano. Saura kwana goma Bishop ya zo daga Nsukka, sai mura ta ɗauke wa tsohon murya. Tun ranar take zuwa ta durƙusa gaban hoton Waliyyi Bilas, mai warkar da ciwon maƙogwaro, tana roƙonsa:

"Ranka ya daɗe, ban ce kar ka warkar da shi ba. Ka dai bari sai Litinin, bayan Bishop ya tafi."

Fada ya gama addu'a. Tsoho ya yi gyaran murya, ya saki wata "Amin!" da ta tashi tattabaru daga kan kwanon.

Ya juyo da hawaye, ya kama hannunta.

"'Yata, kwana tara ina ganinki a durƙushe saboda ni. Gobe Lahadi, baitin farko ni kaɗai zan rera miki, a gaban Bishop."