Addu'ar Ya Kaltum

Ya Kaltum tana tsince shinkafa a tsakar gida, a unguwar Shehuri, sai wayarta ta yi ƙara. Ajimi ne, ɗanta guda da ya rage mata, wanda wani dillali ya samar wa aikin gadi a ƙasar Turawa. Bai gama gaishe ta ba ta ji dum a bayan muryarsa, ta sake jin dum. Faifan ya suɓuce daga hannunta.

Ba wanda zai koya wa matar da ta gudo daga Konduga wannan ƙara. Ta ji ta ranar da aka ƙone musu gari, ranar da mijinta da babban ɗanta suka fita ba su dawo ba. Ta kuma saba jin ta a nan Maiduguri, idan sojoji suna harba manyan bindigogi daga bariki zuwa daji. Ta cikin wayar ta fi kama da ta barikin.

"Kana ina, Ajimi?"

Ya faɗi sunan wani gari mai wuyar faɗa, layin ya yanke.

Ta riƙe sunan a bakinta, tana maimaitawa har Kasuwar Kwastam, shagon Nnanna mai gyaran waya, wanda ya saba duba mata tata. Ya latsa, ya karanta, ya ɗago kai a hankali.

"Mama, wannan a Yukiren yake. Can ne Rasha ta shiga da yaƙi."

Ta zauna a benci. Ashe ta raba yaron da wata wuta ne ta tura shi cikin wata. Sauran labarin kuwa ba sai an gaya mata ba, ta san shi: kana zaune a garinku, wasu su shigo da bindiga.

Nnanna mutum ne mai bin labaran duniya, ya so ya kwantar mata da hankali da abin da ya sani. Ya ce yaƙin nan bai kamata ya daɗe haka ba. Da motocin Rasha ba su maƙale a hanya ba, da babban birnin ƙasar ya faɗi tun makon farko, da yanzu kowa ya koma kasuwarsa.

"Kai ba ka taɓa kwana a garin da ya faɗi ba," in ji ta. "Hanya ɗaya ce zai ƙare lafiya. Waɗanda suka shigo, kada ɗayansu ya fita da ƙafarsa."

Daga ranar ta kama aikin da ta iya. Kowace Juma'a tana soya waina ta raba sadaka a ƙofar gida. Ta je wajen Malam Tahir, limamin masallacin layinsu, ta roƙe shi ya sa mutanen garin nan mai wuyar suna cikin alƙunutin da ake yi wa Borno. Ita kuma bayan kowace salla sai ta ɗaga hannu: Allah ka kama wanda ya shiga garin mutane da makami, ka makantar da shi, ka hana shi komawa gida.

Ajimi yakan kira jefi-jefi, muryarsa ƙasa ƙasa. Ya ce gidajen garin duk babu kowa. Ya ce ɗakin da yake kwana akwai takalman wata yarinya a bakin ƙofa, ya kasa kawar da su. Wata rana, cikin damina ne ko bayanta, ya tambaye ta:

"Ya, waɗanda suka shiga gidanmu a Konduga, sun ci abincin da kika bari a tukunya?"

"Sun ci, Allah ya isa. Amma kada ka damu, ɗana. Ni da malam mun sa su gaba, na can da na wajenku duka."

Ya ƙara yin ƙasa da murya.

"Ki roƙa mini dawowa kawai, Ya."

Ta ce a ranta, taushin zuciyar ubansa ya gado. Ta ƙara ƙaimi.

Daga nan wayarsa ta daina shiga. Ya Kaltum ta daina cin abincin kirki. Ƙofa ta buga, gabanta ya faɗi. Keke-napep ya tsaya a layi, ta miƙe tsaye. Ta ninka sadaka, ta ninka addu'a.

Wata Laraba da hantsi Nnanna ya rufe shagonsa, abin da bai taɓa yi ba, ya zo da kansa. Ya durƙusa ya miƙa mata wayarsa. Bidiyo ne: wasu maza zaune a ƙasa a jere, an ɗaure musu hannuwa ta baya, masu bindiga tsaye a kansu. Na uku daga gefe, kansa naɗe da bandeji har ya rufe ido ɗaya, Ajimi ne.

Ta san abin da ake yi wa mazan gari idan an jera su haka.

"Sun kama su! Nnanna, maharan sun kama mutanen garin!"

Nnanna ya sunkuyar da kai, ya nuna mata ƙaramar tutar Rasha da ke ɗinke a kafaɗar rigar ɗanta.

"Mama, masu bindigar su ne mutanen garin. Waɗanda ke zaune su ne suka shigo."