Mai Gadin Makarantar Bani Malik

Ta fito daga rumfar zaɓe ke nan, tana waya, sai wani dattijo ya tare ta. Nan take ta gane shi.

Shekara huɗu da suka wuce, lokacin mata ba su da ƙuri'a a Saudiyya, ita da ƙawayenta sun je wata makaranta a unguwar Bani Malik inda maza ke rajistar zaɓen baladiyya, wato ƙaramar hukuma. Ba su yi ihu ba. Layi kawai suka ja, kowacce riƙe da katinta na 'yar ƙasa, suna cewa a rubuta su. Shi ne mai gadin da ya ce, "Halas, ya isa, ku koma gida," ya ja ƙofa ya bar su a rana.

"Ya binti, 'yar nan, muryarki na shaida," ya ce. "Ran nan na koma gida ina ba iyalina labarinku. Kowa ya yi dariya, ban da babbar 'yata."

Ta sauke wayar, ya ci gaba.

"Yau sunanta yana cikin 'yan takara. Allah Ya saka muku da alheri."

"Alhamdulillahi," ta ce, tana share ƙwalla tana dariya. "Haba, ya ammi, baffana! Ai da ka tare ni tun kafin in shiga, da na ba ta ƙuri'ata."